Lambar rasit ta ƙi komawa 1 bayan na share bayanan gwaji a Django

Mamman, daga Tawa

Assalamu alaikum malamaina da ƴan'uwana, ina gaishe ku da aiki. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya hana ni sakat tun ranar Lahadi.

Na rubuta wata ƙaramar manhaja da Django, wato kayan aikin gina manhajar yanar gizo da harshen Python, domin wata ƙungiyar manoma da dillalan albasa a nan jihar Tawa, waɗanda yawancin kayansu daga wajejen Galmi da Madawa suke fitowa. Aikin manhajar ba shi da yawa: idan manomi ya kawo buhunansa ajiya, magatakarda ya zaɓi sunansa, ya shigar da yawan buhuna da kuɗin ajiyar da ya biya, sai a buga masa rasit mai lamba. Rumbun bayanan da ke kan sabar shi ne PostgreSQL, kuma lambar da nake bugawa a saman rasit ita ce lambar id wadda Django ke ba kowane layi da kansa.

Na yi kusan wata biyu ina gwaji da sunayen ƙarya. Da lokacin fara aiki na gaske ya matso, sai na share rasit ɗin gwaji duka da wannan umarni, na duba na ga teburin wayam, babu ko layi ɗaya:

Rasit.objects.all().delete()

Washegari manomi na farko ya kawo buhu 30, magatakarda ya shigar, rasit ya fito da lamba 418. Shugaban ƙungiyar dattijo ne mai tsantseni, wanda ya yi shekaru yana riƙe da littafin rasit na takarda. Ya karɓi rasit ɗin daga hannun magatakarda, ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya tambaye ni a gaban jama'a inda sauran 417 suka shiga. Na bayyana masa cewa na gwaji ne, ya ce ya ji, amma na ga hankalinsa bai kwanta ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin a littafin takarda shafin da ya ɓace kuɗi ne suka ɓace. Yanzu mun dakatar da manhajar, an karɓe bugaggen rasit ɗin an rubuta wa manomin wani da hannu, ana jira in gyara.

Da daren nan na gwada TRUNCATE, umarnin da ke kwashe tebur gaba ɗaya, a kan teburin rasit, sai PostgreSQL ya ƙi, yana cewa akwai wani tebur da ke ɗaure da shi. Teburin biyan kuɗi ne, wanda nake adana biyan da aka yi kashi-kashi a cikinsa, kuma ko da na share shi shi ma ya koma wayam, bai fasa ƙin ba.

Abin da nake so in sani shi ne dalilin da ya sa lambar ba ta koma 1 ba alhali teburin babu komai, da kuma hanyar da zan mayar da ita ba tare da na taɓa teburin manoma ba, wanda ke ɗauke da sunaye 312 na gaske da na kwaso daga Excel, ko asusun magatakarda uku da na riga na buɗe. Sannan shugaba ya ce yana son lambar ta riƙa farawa daga 1 a kowace kakar albasa, kamar yadda ake buɗe sabon littafi. Shin sai in riƙa share teburin kowace shekara ke nan?

Malam Isufu, daga Yamai

Wa alaikumus salam, Mamman. Ka kwantar da hankalinka, babu abin da ya lalace, kuma PostgreSQL ya yi daidai abin da aka ƙera shi ya yi.

Lambar da kake gani ba daga cikin teburin take fitowa ba. A gefen kowane tebur mai lambar da ke ƙaruwa da kanta, PostgreSQL yana ajiye wani abu dabam da yake kira sequence, ni kuma nakan kira shi maƙirgi idan ina koyarwa. Idan sunan ɓangaren manhajarka kasuwa ne, za ka same shi da suna kasuwa_rasit_id_seq. Duk lokacin da za a shigar da sabon layi, sai a nemi lamba ta gaba daga wurinsa, ya ba da ita, ya matsa gaba da ɗaya, kuma ba ya leƙa teburin domin ya ga layuka nawa suka rage. Ka tuna hatimin nan na ofis mai juya lamba da kansa duk lokacin da aka buga shi: ko ka yayyaga dukan takardun da aka buga, hatimin yana nan a inda ya tsaya sai an sa hannu an juya shi baya. Umarnin da ka bayar DELETE ne a ƙarƙashi, kuma layuka kawai yake sharewa. Tun daga Django 4.1, wanda ya fito a watan Agusta na 2022, an daina ƙirƙirar sabbin tebura da serial an koma identity, waɗanda hanyoyi biyu ne na ba layi lamba mai ƙaruwa da kanta, amma a wannan magana duka ɗaya ne, domin kowannensu maƙirgi ne a bayansa.

Game da ƙin da TRUNCATE ya yi, dalilin shi ne ba ya bin layuka ɗaya bayan ɗaya, sabon fayil mara komai yake musanya wa teburin gaba ɗaya, saboda haka ba ya tsayawa bincikar ko teburin da ke ɗaure da shi yana da kaya ko babu. Kasancewar ForeignKey ɗin kaɗai, wato igiyar da ta ɗaure teburan biyu, ta isa ta sa ya ƙi. Maganin shi ne ka ambaci teburan biyu a umarni guda, sannan ka gaya masa ƙarara cewa ya mayar da maƙirgan, domin idan ka yi shiru zai bar su yadda suke:

TRUNCATE kasuwa_rasit, kasuwa_biya RESTART IDENTITY;

Wannan RESTART IDENTITY yana nan tun PostgreSQL 8.4 na shekarar 2009, don haka kowace sabar da za ka samu yau ta san shi. Teburin manoma ba zai taɓu ba, saboda rasit ne ke nuni zuwa ga manomi, ba manomi ke nuni zuwa ga rasit ba.

Za ka ga mutane da yawa suna cewa ka ƙara kalmar CASCADE a ƙarshe ka huta. Ina roƙonka kada ka saba da ita. Ma'anarta ita ce a share duk teburin da ke ɗaure da wannan, da duk wanda ke ɗaure da waɗancan, har inda igiyar ta ƙare, kuma ba layukan da suka shafi juna kawai ake sharewa ba, teburan ne gaba ɗayansu. Da a ce teburin manoma ka ba wannan umarni, da rasit da biyan kuɗi duk sun tafi tare da shi a cikin ƙiftawar ido. Idan har ya zama dole, PostgreSQL yana da wani alheri da ba kowane rumbu ke da shi ba: TRUNCATE ɗinsa yana shiga cikin abin da ake kira transaction, wato aikin da ake ƙullawa wuri guda, ko dai ya tabbata gaba ɗaya ko a warware shi gaba ɗaya. Sai ka fara da BEGIN, ka ba da umarnin, ka karanta sunayen teburan da ya sanar da kai cewa sharar ta kai gare su, idan ka ga wanda ba ka yi niyya ba ka rubuta ROLLBACK, komai ya dawo har da maƙirgan. Sai dai ka sani cewa muddin ƙullin yana buɗe teburan a kulle suke, ko karanta su babu mai iyawa, don haka ka yi shi a lokacin da magatakarda ba sa aiki. Haka kuma Django ba ya sanin an yi TRUNCATE, saboda haka idan ka rataya wani aiki a kan post_delete, wato sanarwar da Django ke bayarwa bayan an goge layi, kamar goge hoton da ke tare da rasit, ba zai gudana ba.

Django yana da nasa umarnin mai suna flush, kuma lalle yana mayar da maƙirgai farko, amma ba naka ba ne a wannan hali, domin yana kwashe bayanan dukan teburan manhaja, har da manomanka 312 da asusun magatakarda. Idan kana son ganin abin da zai aikata ba tare da ya aikata ba, ka rubuta sqlflush a maimakonsa, zai nuna maka umarnin a kan allo kawai. Kuma kafin ka taɓa komai, ka ɗauki kwafin ajiya da pg_dump ka sa shi a wata na'ura dabam. Tambayarka ta ƙarshe kuwa ta fi sauran nauyi, kuma na san akwai waɗanda suka fi ni gogewa a kanta a nan.

Malama Hadiza, daga Yamai

Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Bayanin Malam Isufu ya wadatar a kan yadda ake mayar da maƙirgi, kuma yau ɗaya, da yake abin da za ka share na gwaji ne, babu laifi ka yi hakan. Amma amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce a'a, kada ka share teburin kowace kaka, kuma ina ganin asalin matsalar ba lambar 418 ba ce, buga id da kake yi a matsayin lambar rasit ne.

Na taɓa yin wannan kuskure da hannuna. Na rubuta wa wata makaranta mai zaman kanta a nan Yamai manhajar karɓar kuɗin karatu, kuma da hutu ya ƙare za a koma a watan Oktoba, sai na kwashe bayanan bara na ajiye a gefe, na share teburan, na mayar da lambobi 1 domin a shiga sabuwar shekara da tsabta. Abin da na manta shi ne lambobin nan sun riga sun fita daga cikin rumbu sun shiga duniya. Hotunan ɗalibai da lambar id na sa musu suna a cikin sabar, don haka yarinyar da ta samu lamba 57 a sabuwar shekara, da aka buɗe shafinta sai ga hoton wani yaro da ya riga ya gama. Wannan ma mai sauƙi ne. Bayan mako biyu wani uba ya zo da rasit ɗin bara a ninke cikin aljihunsa, yana son a tabbatar masa da jika 25 da ya biya na ƙarshen shekara, mai karɓar kuɗi ta shigar da lambar, sai sunan ɗan wani ya fito da wani adadi dabam. Mutumin ya tsaya a bakin taga yana rantsuwa cewa ya biya, kuma gaskiya ya faɗa. Na kwana biyu ina dawo da tsofaffin bayanai ina daidaita su da sababbi, kuma har yau idan na tuna fuskarsa nakan ji nauyin abin. Kai ma manomanka za su ajiye rasit ɗinsu watanni, tun daga ranar da albasa ta shiga rudu, wato rumbun ajiyarta, har ranar da farashi ya tashi aka fitar da ita, kuma wani zai zo da na bara.

Akwai kuma abin da zai same ka ko da ba ka sake share komai ba. Maƙirgi bai yi alkawarin ba da lambobi a jere ba tare da giɓi ba, alkawarinsa kawai shi ne ba zai ba mutum biyu lamba ɗaya ba. Idan ya ba da lamba sannan aikin ya gaza aka warware ƙullin, lambar ta tafi ke nan, ba ta dawowa, kuma da gangan aka yi shi haka domin kada masu shigar da bayanai a lokaci guda su riƙa jiran juna. Bayan haka, domin rage yawan rubutu, PostgreSQL yakan rubuta matsayin maƙirgi a kundinsa da tazarar lambobi 32 gaba, saboda haka idan wuta ta ɗauke sabar ta mutu ba shiri, tana iya tashi ta ci gaba daga can gaba, a tsallake lambobi kusan 30 a lokaci ɗaya. Mu da muka san yadda wuta take a watannin zafi, mun san wannan ba abu ne mai nisa ba. Ranar da shugaba ya ga rasit 64 sannan na bayansa ya fito da 90 da wani abu, tambayar da ya yi maka ranar Lahadi za ta dawo, kuma a ranar ba za ka iya cewa na gwaji ne ba.

Abin da nake yi yanzu a kowane aiki shi ne in bar id a matsayin abin cikin gida, babu wanda ke ganinsa sai manhaja, sannan in ƙara gurabe biyu a teburin rasit, ɗaya na kaka ɗaya na lamba, in ɗaure su da UniqueConstraint ta yadda kaka ɗaya ba za ta taɓa samun lamba ɗaya sau biyu ba. Sai in buɗe wani ɗan ƙaramin tebur mai layi ɗaya ga kowace kaka, wanda ke riƙe da lambar ƙarshe da aka bayar. Idan za a fitar da rasit, a cikin transaction.atomic, wato ƙullin aiki na Django, nake kama layin kakar da select_for_update, wanda ke kulle shi har in gama, in ƙara ɗaya, in rubuta rasit ɗin da sabuwar lambar, sannan a saki kullen. Idan wani abu ya gaza a tsakani, ƙarin da aka yi yana warwarewa tare da rasit ɗin, don haka giɓi ba ya samuwa. Magatakarda na biyu zai jira na farko na ɗan abin da bai kai daƙiƙa ba, kuma ga mutum uku wannan jira ba a ma jin sa. Abin da zan gargaɗe ka a kansa shi ne gajeriyar hanyar nan ta duba lamba mafi girma a tebur a ƙara ɗaya ba tare da kulle ba, domin ranar da mota ta sauke kaya mutum biyu suka danna a tare, lamba ɗaya za su samu.

Da wannan tsari rasit na farko zai fito da 2025/0001, kaka mai zuwa kuma a buɗe sabon layi a fara daga 1, alhali bayanan bara suna nan daram. Idan an yi kuskure a rasit, kada a goge shi, a sa masa alamar an soke tare da dalili da sunan wanda ya soke, kamar yadda a littafin takarda ake ja layi biyu a bar shafin a maƙale. Ka kuma tuna cewa dokar lissafin kuɗi ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu bin dokar kasuwanci ɗaya wadda Nijar ke cikinta, ta ce a adana littattafan lissafi da takardun shaida shekara 10, saboda haka share teburin rasit kowace shekara ba abu ne da ƙungiya za ta so a same ta da shi ba. Kada girman id ya dame ka: tsohon nau'in ma, wato AutoField, yana kaiwa 2,147,483,647, kuma tun Django 3.2 na 2021 sabbin ayyuka da BigAutoField suke farawa, wanda ya ninka wannan nesa ba kusa ba.

Mamman, daga Tawa

Allah ya saka muku da alheri, Malam da Yaya Hadiza. Na ɗauki kwafin ajiya, na ba da umarnin TRUNCATE a kan teburan biyu kamar yadda Malam ya rubuta, ya wuce lafiya, kuma na fara rubuta teburin kaka bisa shawarar Yaya.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo yau da safe. Wani manomi da ba ya cikin jerin Excel ya zo yin rajista, da na gwada shigar da shi sai shafin ya faɗi da IntegrityError, yana cewa id mai lamba 42 ya riga ya wanzu a teburin manoma. Na sake dannawa ya ce 43, na sake ya ce 44. Ban taɓa maƙirgin wannan tebur ba ko kaɗan. Abin da na yi kawai shi ne, bayan na goge manoman ƙarya 41 da na yi gwaji da su, na shigar da na gaske da lambobinsu na Excel daga 1 zuwa 312, domin lambobin ne ke rubuce a katinsu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne a kwamfutata, inda nake aiki da SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai dabam da PostgreSQL, na yi daidai wannan aiki kuma sabon manomi ya samu 313 ba tare da wata matsala ba.

Malam Isufu, daga Yamai

Wannan ita ce ɗaya fuskar maganar da muka yi jiya, Mamman. Idan ka shigar da layi ka ba shi lamba da kanka, PostgreSQL ba ya neman komai daga maƙirgi, don haka maƙirgin bai san an cika gurabe 312 ba, yana nan a 41 inda gwajinka ya bar shi. Ƙaruwar da kake gani a kowane dannawa kuwa shaida ce ta abin da Malama Hadiza ta faɗa, cewa lambar da aka bayar ba ta dawowa ko da aikin ya gaza. A nan ba 1 za ka mayar da shi ba, gaba za ka tura shi, kuma Django yana da umarnin da aka yi domin wannan:

python manage.py sqlsequencereset kasuwa

Ba ya aiwatar da komai da kansa, yana rubuto maka SQL ne kawai, layi ɗaya ga kowane tebur na wannan ɓangare. Ka karanta shi, za ka ga yana kiran setval, umarnin saita maƙirgi, da lamba mafi girma da ke cikin tebur, idan kuma tebur wayam yake sai ya sa 1. Idan ka gamsu, sai ka zuba shi a cikin dbshell, wato tagar da Django ke buɗe maka domin ba rumbu umarni kai tsaye. Ka lura da ƙaramin abin da ke ƙarshen kowane layi, mai gaskiya ko ƙarya, domin a nan masu rubutawa da hannu suke tuntuɓe: idan ka ba setval lamba 1 kawai, yana ɗauka an riga an yi amfani da ita, layi na farko sai ya fito da 2, sai ka ƙara false kafin ya ba da 1 ɗin kanta. Da a ce da loaddata, umarnin Django na loda bayanai daga fayil, ka shigar da manoman, da ba ka gamu da wannan ba, domin shi yana daidaita maƙirgai da kansa bayan ya gama. Kuma tunda lambar kati a hannun mutane take, ita ma ta cancanci gurbinta dabam da id, kamar lambar rasit.

Sale, daga Tawa

Ina yi wa malamai sallama. Ni da Laravel, takwaran Django a harshen PHP, da rumbun MySQL na fi aiki, amma zan iya amsa abin da ya ɗaure wa ɗan'uwana Mamman kai game da kwamfutarsa, domin kowane rumbu da irin halinsa a wannan batu.

SQLite ba shi da maƙirgi mai zaman kansa irin na PostgreSQL. Django yana ƙirƙirar teburansa da AUTOINCREMENT, shi kuma SQLite yana adana lamba mafi girma da kowane tebur ya taɓa gani a wani tebur na cikin gida mai suna sqlite_sequence, kuma yana sabunta shi ko da kai ka ba da lambar da hannunka. Shi ya sa ya ba ka 313. Ba shi da TRUNCATE ma sam, idan kana son komawa farko sai ka share layukan sannan ka mayar da seq na wannan tebur 0 a cikin sqlite_sequence. Akwai wani abu da ya fi wannan muhimmanci ga aikin da kake yi yanzu: select_for_update ba ya yin komai a SQLite, Django yana wuce shi ne ba tare da ya yi ƙorafi ba, don haka ba za ka iya tabbatar da kullen da Malama Hadiza ta bayyana ba sai ka sa PostgreSQL a kwamfutarka ka gwada da taga biyu a lokaci guda.

MySQL shi ma yana tura lambarsa gaba idan ka shigar da wadda ta fi ta girma, kuma TRUNCATE ɗinsa yana mayar da AUTO_INCREMENT farko ba sai an roƙe shi ba. Amma ba ya warwaruwa, da zarar ka danna ya tabbata, ROLLBACK ba zai dawo maka da komai ba. Idan akwai tebur da ke ɗaure da shi yakan ƙi, shi ya sa mutane suke kashe FOREIGN_KEY_CHECKS, wato binciken ɗaurin tebura, na ɗan lokaci, wanda ke iya barin layuka marayu suna nuni zuwa ga abin da babu, ko kuma, mafi muni, zuwa ga sabon layin da ya gaji lambar. Kafin MySQL 8.0 na 2018 kuwa, InnoDB, injin da ke adana teburansa, a ƙwaƙwalwar wucin gadi kawai yake riƙe lambar, idan sabar ta sake tashi sai ya duba mafi girma a tebur ya ɗora daga nan. Ma'ana idan an goge layukan ƙarshe sannan wuta ta ɗauke, lambobinsu za su sake fitowa a kan wasu mutane. Har yanzu akan tarar da tsohon nau'in a wasu sabobin haya masu araha, don haka duk wanda ya gaji irin wannan aiki ya fara duba nau'in da ke kansa.

Ga masu Laravel da ke karantawa, truncate na Laravel yana mayar da lamba farko, kuma a nau'o'in da na yi aiki da su, idan rumbun PostgreSQL ne yana haɗawa da CASCADE ba tare da ka rubuta ba, saboda haka gargaɗin Malam Isufu ya shafe mu kai tsaye. A wajen gwajin manhaja kuma, Django yana da reset_sequences a cikin TransactionTestCase, amma yana rage saurin gwaji, kuma ni na fi son in rubuta gwajin da bai dogara da cewa id zai zama 1 ba.

Mamman, daga Tawa

Na gode ƙwarai, Malam Sale, Allah ya ƙara basira. Na gudanar da sqlsequencereset, na karanta abin da ya rubuto kafin in zuba shi, sabon manomin ya samu 313. Na sa PostgreSQL a kwamfutata na buɗe taga biyu, na sa jinkirin daƙiƙa 5 a cikin ƙullin da gangan, na ga taga ta biyu ta tsaya cak har ta farko ta gama, sannan ta karɓi lamba ta gaba. Na cire jinkirin, na kuma ƙara maɓallin soke rasit mai neman dalili.

Jiya da yamma na kai wa shugaba kwamfutar, na fitar da rasit uku a rumbun gwaji, na soke na tsakiya, na nuna masa yana nan a jerin da alamarsa da sunan wanda ya soke. Ya ce a mayar da rasit 9 da aka rubuta da hannu a wannan mako cikin manhaja bisa jerinsu, daga 2025/0001, kuma a rubuta sabuwar lambar da biro a kan kowane shafi na littafin. Gobe da safe zan zauna da magatakarda mu shigar da su, sannan zan koma kan raba lambar kati da id a teburin manoma.